Nasiha Ga Mai Sayen Waya Da Kayan Lantarki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amma bayan haka.

Ya ku jama'ar Gyadi-Gyadi da Tarauni, ku sani tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, talaka da mawadaci duk sun zama masu sayenta. Ga kasuwar waya ta Farm Centre nan kusa da mu, a cikinta akwai masu amana da yawa, akwai kuma masu algus. Mai algus kuwa ba ya cin kowa sai mai gaggawa da mai kunyar tambaya.

A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, babin ciniki, an hana ɓoye aibin haja. An kuma ba mai saye zaɓi idan ya tarad da ɓoyayyen aibi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma wannan haƙƙi ba ya tsayuwa gaban alƙali sai da hujja. Saboda haka nake yi muku wasiyya da abu biyar.

Na farko, ku sayi kaya a shago tsayayye mai suna da lamba. Wanda ya tare ka a bakin titi yana cewa yana da mai sauƙi, gobe ba ka ganinsa.

Na biyu, kowace waya tana da lambarta ta asali, alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. Ka danna *#06# za ta fito, sa'an nan ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Idan sun saɓa, ka ajiye. Kada ledar kwali ta ruɗe ka, domin akan gyara tsohuwa a naɗe ta kamar sabuwa.

Na uku, a kunna kaya gabanka kafin kuɗi su bar hannunka. Ka sa layinka, ka kira, ka jona caji, ka gwada kyamara da sifika. Talabijin da fanka da batirin sola duk hukuncinsu ke nan. Nauyi ba hujja ba ne, akwai fawa bankin da yashi ne ya cika cikinsa. Wanda bai san waya ba, ya tafi da masani, babu kunya cikin wannan.

Na huɗu, idan wayar ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud kana gani, in ba haka ba wata rana ta kulle ta zama dutse. Ka tambaya ko ta bashi ce, domin wadda ba a gama biyanta ba, masu bashi suna iya rufe ta daga nesa. Ku ji tsoron araha wadda ta wuce hankali, araha ba ta ado. Sau da yawa wayar ƙwace ce, an zubad da jinin wani kafin ta zo hannunka, kuma 'yan sanda suna bin lambar nan har ƙofar wanda ya saya.

Na biyar, ka karɓi rasit mai sunan shago, da kwanan wata, da lambar kayan, da wa'adin garanti. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu a kan ciniki, don haka neman takarda ba zargi ba ne.

Wanda aka zalunta, ya fara da shugabannin kasuwa. Idan ba a daidaita ba, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, akwai ta tarayya, FCCPC, wadda aka sa hannu a kan dokarta a 2019.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku faɗi aibin hajarku ko da riba ta ragu. Wayar da ka ɓoye lalacewarta, wataƙila kuɗin sadakin wani ne ko jarin wata bazawara.

Allah ya tsare dukiyarmu daga haram, ya sa albarka cikin cinikinmu. Haza wassalamu.