HANYAR KARATU GA ƊALIBI MAI NEMAN ZAMA LAUYA

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga 'yan uwa matasa masu shirin shiga jami'a, da waɗanda suka riga suka fara karatun shari'a. A sha karatu lafiya.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa (S) da iyalan gidansa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa ɗalibai, duk shekara matasa masu ɗimbin yawa kan cika takardar JAMB su zaɓi karatun lauya. Wani baƙar rigar ce da farar hular suka ba shi sha'awa, wani kuɗin da ya ji ana samu ne, wani kuwa zaluncin da ya gani an yi wa na kusa da shi ne ya tunzura shi. Ko ma mene ne dalilin, akwai abin da ya wajaba ɗalibi ya sa a ransa tun daga ranar farko, wato cewa wata rana wani bawan Allah zai ɗauki 'yancinsa, ko gonarsa, ko gadon marayun da ke hannunsa ya damƙa masa. A ranar nan, yadda ya yi karatu a aji biyu da aji uku shi ne zai yi aiki. Wanda ya yi karatun a ci jarrabawa a manta, to wani ne zai kwana a gidan yari saboda mantuwarsa.

TAFIYAR MAI TSAWO CE

Wanda ya shiga ta hanyar JAMB zai yi shekara 5 kafin ya sami digirin farko. A jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda tsangayarta ta shari'a ke harabar Kongo, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ɗalibi na iya haɗa dokokin da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci. Bayan digiri sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka buɗe a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal, daga baya hedikwatarta ta koma Bwari a Abuja, kuma tana da rassa har da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola. Sai ya ci jarrabawar can sannan a rantsar da shi. Ashe ke nan tafiyar shekara 6 ce a ƙalla, kuma irin wannan tafiya ba a yin ta da karatun daren jarrabawa.

NA FARKO: YA KOMA GA ASALI

Babbar cutar da ke cin ɗaliban shari'a ita ce dogaro da handawut da littafin rubutun aboki. Malami ya taƙaita doka, aboki ya taƙaita maganar malami, shi kuma ya haddace taƙaitawar aboki. Kafin maganar ta iso gare shi duk ta zube a hanya. Lallai ne ɗalibi ya mallaki kwafinsa na Tsarin Mulkin 1999 da manyan dokokin da ake karantar da shi, ya karanta sashe da idonsa, daga farkonsa har ƙarshensa.

Alal misali, sashe na 35 na Tsarin Mulki ya yi magana kan wanda aka kama. Ƙaramin sashe na 4 da na 5 sun nuna cewa a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Ɗalibin handawut a nan zai tsaya. Wanda ya ci gaba da karatu kuwa zai tarar da ƙaramin sashe na 7, inda aka togace wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne. Lauyan da bai san wannan togaciya ba zai yi wa iyalan wanda ke tsare alƙawarin da ba zai iya cikawa ba.

Haka nan sashe ɗaya na iya kifar da babbar ƙara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta shar'anta neman yardar Gwamna kafin a sayar ko a jinginar da fili irin wanda Gwamna ke ba da izinin mallakarsa. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, banki ya karɓi jinginar gida ba tare da wannan yarda ba, kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba, banki ya kasa sayar da gidan.

Sannan dokoki suna canzawa. Dokar Shaida ta 2011 ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun zamanin Turawa, kuma ta zo da sashe na 84 kan shaidar da ta fito daga kwamfuta. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta shafe ta 1990. Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960 bayan an ɗauko tsarinta daga Sudan, ita ma wasu jihohi sun sake ta, kamar yadda Kaduna ta yi a 2017. Saboda haka duk littafin da ɗalibi ya gada daga yayansa, ya fara duba shekarar da aka buga shi.

Wayar hannu ma ta shigo cikin wannan babi. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, domin sun gabatar mata da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu, alhali ba a taɓa yin su ba. Duk shari'ar da ɗalibi ya gani a intanet, kada ya rubuta ta sai ya je laburare ya gan ta a kundin rahoton shari'o'i, irin NWLR da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985.

NA BIYU: YA NEMI ILLAR HUKUNCI

Hukuncin Kotun Ƙoli guda ɗaya kan kai shafi hamsin ko fiye. Wanda ya ce zai haddace shi ya wahalar da kansa a banza. Abin da ake so shi ne bayan ya karanta, ya rubuta abu huɗu a shafi ɗaya da kalmominsa: me ya faru, wace tambaya ce kotu za ta amsa, me ta yanke, kuma bisa wane dalili. Wannan dalilin shi ne ruhin shari'ar. Lauyoyi na kiransa da Latin ratio decidendi, kuma duk wanda ya ɗan taɓa usulul fiƙhi zai ga kamarsa da abin da malamai ke kira illa a babin ƙiyasi. Shi ne ke ɗaure ƙananan kotuna. Sauran maganganun da alƙali ya yi a gefe ana girmama su, amma ba su ɗaure kowa.

A ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda aka yanke a Birtaniya a 1932, kuma babu ɗalibin lauya da zai tsallake ta. Wata mata ce a garin Paisley na Sikotilan aka saya wa lemon kwalba, ta sha, sannan ta ce an ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta kuwa yi rashin lafiya. Matsalar ita ce ba ita ta sayi lemon ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin. Amma kotu ta ce mai sarrafa kaya, idan kayan za su isa ga mai amfani da su a rufe ba tare da wani ya sami damar dubawa ba, to wajibi ne a kansa ya kula kada su cutar da shi.

Ɗalibin da ya riƙe dodon koɗi kawai, ranar jarrabawa zai ga tambaya kan ruwan leda ko man shafawa ya ce ba a koya musu ba. Wanda ya riƙe illa zai gane cewa shari'ar nan ce ta canza riga. Kuma haka zaman ofis yake: babu mai shigowa da sunan babi a goshinsa, labari zai kawo a hargitse, lauya ne zai tsamo mas'alar.

NA UKU: YA RUFE LITTAFI YA BIYA

A nan almajirin tsangaya ya riga ɗan boko sanin gaskiya. Almajiri ba ya cewa ya iya allonsa don ya daɗe yana kallonsa. Sai ya kife shi ya biya wa malam da ka, sannan a ba shi izinin wankewa. Bayan ya wanke ma bai rabu da karatun ba, yana nan yana tilawar na baya dare da asuba.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun iso ga wannan ta tasu hanyar. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta mabambanta tana rage ta. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako ɗaya waɗanda suka gwada kansu sun wuce su. Wato yawan kallon shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali sabo ne kawai ya yi da shi.

Don haka tsarin mai sauƙi ne. Abin da aka koyar yau, ɗalibi ya duba shi yau kafin ya kwanta, ya rufe ya rubuta abin da ya tuna. Ya sake gwada kansa bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Sa'a biyu kullum, musamman bayan sallar asuba da kai yake wasai, sun fi kwana uku ba barci ana shan shayi a makon jarrabawa. Kuma a cikin sa'o'in nan biyu waya ta kasance a kashe.

NA HUƊU: ALƘALAMI DA HARSHE

Kayan aikin lauya biyu ne, rubutu da magana, kuma harshen manyan kotunan Nijeriya Turanci ne. Wanda Turancinsa ke da rauni kada ya ji kunya, ya riƙe ƙamus, ya karanta hukunci ɗaya a mako da babbar murya. Ya nemi tambayoyin shekarun baya, ya sa agogo a gaba ya amsa su a rubuce, yana bin tsari: ya fito da mas'ala, ya kawo doka da shari'ar da ta goyi bayanta, ya ɗora dokar a kan abin da ya faru, sannan ya yanke. Yawancin maki yana wajen ɗorawar nan, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin sakaci.

Ya kuma sami abokai uku ko huɗu masu himma su riƙa muzakara, wannan ya tsaya wa mai ƙara, wancan ya tsaya wa wanda ake ƙara, gobe su yi musaya. Lokacin hutu ya je kotun da ke kusa da shi ya zauna a baya, domin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Abin da zai gani a safiya ɗaya game da neman beli da yi wa shaida tambayoyi, littafi zai daɗe bai ba shi ba.

NA BIYAR: KADA YA YAR DA NA GIDA

Ɗalibin da ya taso yana karatun zaure ya shigo jami'a da jari. Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littattafai ne da alƙalan kotunan shari'a a Arewa ke kafa hujja da su. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara, kuma waɗannan su ne rigingimun da suka fi cika gidajen jama'a. Wanda ya ajiye Larabcinsa ranar da ya sami gurbin jami'a ya yi asara babba.

Shari'o'i biyu sun isa misali. A 2001 wata kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa wata mata hukuncin rajamu. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa abin da ake tuhumar ya faru ne kafin dokar ta fara aiki. A Satumba 2003 takwararta ta Katsina ta soke irin wannan hukunci da aka yanke a Bakori. Daga cikin dalilan akwai cewa alƙali ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta nemi ya zauna da mutum biyu, da haƙƙin janye iƙirari, da kuma maganar malaman Malikiyya kan kwantaccen ciki. Waɗannan hujjoji duka suna rubuce a doka da littattafan fiƙihu tun kafin a shiga kotu. Abin da ake bukata shi ne wanda ya karanta su, ya tuna su a lokacin da rai ke kan gaɓa.

A ƘARSHE

'Yan uwa, gaskiya a karatu ita ce farkon gaskiya a aiki. Wanda ya saba satar amsa a aji, gobe ba zai ji nauyin ɓoye takarda ga kotu ba, kuma malamai sun daɗe suna jan kunne kan hatsarin da ke tattare da kujerar hukunci da duk mai taimaka mata. Kowa ya koma gida yau ya ɗauki babi na 4 na Tsarin Mulki, daga sashe na 33 zuwa na 46, ya karanta sashe ɗaya, ya rufe ya rubuta abin da ya fahimta. Gobe ya ƙara wani. Cikin mako biyu ya gama babin, kuma ya kama hanya insha Allahu.

Allah Ya ba da ilimi mai amfani, Ya sa a yi aiki da shi wajen tsaya wa gaskiya da taimakon wanda aka zalunta.