Allurar sanƙarau da zahin rana



Kun san ƙwai. In ya ji wuta sai ya daskare, ba shi komawa ruwa. Hakanan maganin allurar rigakahi yake. Daga ƙwayar cuta aka hiddo shi, zahi na ɓata shi. Don haka ake aje shi cikin sanyi, digiri 2 zuwa 8.

Amma allurar sanƙarau MenAfriVac, wadda ta shigo Nijar a 2010, tana da jimiri. A 2012 aka yarda ta yi kwana 4 ba ƙanƙara, in zahi bai wuce digiri 40 ba.

To, da bazara zahinmu kan wuce 40. In masu allura sun iso, ku ba akwatinsu inuwa, ku kawo yara tun da sassahe.