Farilla Ko Nafila? Jawabi Kan Wani Gurbi A Takardar Kwantena



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau gurbi ne guda ɗaya tak a cikin wata takarda, amma ya isa a yi zama dominsa. Kwantena, a bakin masu aikin kwamfuta, ita ce manhajar da aka ƙunshe tare da dukkan kayan aikinta, don a ɗauke ta daga wannan na'ura zuwa waccan ta ci gaba da aiki. Docker ne ya yaɗa wannan dabara tun 2013, sa'an nan a 2015 aka kafa ƙungiyar OCI don a fitar da ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi.

Kowace kwantena tana da takardar umarni, kuma a cikinta ake jera ma'ajin bayanai da za a jona mata: daga ina, zuwa ina, da kuma irin ma'ajin. To, wannan gurbi na ƙarshe, cika shi farilla ne ko kuwa nafila?

A Linux lalle yana da aiki. In an rubuta ext4, ma'aji ne na kan faifai. In an rubuta tmpfs, allon makaranta ne, da zarar kwantena ta tsaya an wanke rubutun. Amma Windows, wadda ta shigo harkar a 2016, ba ta yin wannan tambaya ko kaɗan. Ko a Linux ɗin ma, idan jakar fayil ce da ke cikin na'ura aka jona kai tsaye, ba a duba gurbin, har mutane suka saba rubuta "none", watau babu. Ma'aikatan da ke cikinmu sun san abin da ke faruwa idan fam ya tilasta wa mutum amsa tambayar da ba ta shafe shi ba: ya rubuta abin da ya ga dama don a bar shi ya wuce, wanda zai karanta daga baya kuwa ya ɗauka gaskiya ce. Saboda haka ina ganin OCI ta yi daidai da ta mai da gurbin nafila a ƙa'idarta ta 2017, ta kuma keɓe shi ga Linux da danginta.

Sai dai masu cewa farilla ne ba su rasa hujja ba. Gurbin da aka bari fayau, wani ne zai cika shi. Alal misali, in ka ba Docker umarnin jona ma'aji mai suna "albashi" ba ka faɗi irinsa ba, kana nufin jakarka da ke cikin na'ura, shi sai ya ɗauka ma'aji ne irin wanda yake tsarewa da kansa. In bai same shi ba, ya buɗe sabo, babu kome a ciki, manhaja kuma ta tashi kamar ba a taɓa biyan kowa ba. Bayanan suna nan, amma kafin a gano inda gizo ke saƙa an sha wuya.

Wannan laifin zato ne na na'ura, ba na ƙa'ida ba. Abin da ya kamata shi ne, inda ake bukatar amsa kuma ba a bayar ba, na'ura ta tsaya ta faɗi dalili. Ku kuwa da za a damƙa wa rajistar ɗalibai ko takardun albashi a kan Linux, ku rubuta irin ma'ajin ko da ba a tilasta muku ba, don wanda zai gaje ku a ofis ya gane nufinku.

Shugaba, a nan zan dakata don a yi tambayoyi.