Cikin da Ba a Shirya Masa Ba: Nauyin da Ke Wuyan Masu Addini



Duk wanda ya ƙetare Kogin Kaduna ya nufi Kakuri, zai iske Asibitin St. Gerard na ɗariƙar Katolika, wanda aka kafa a 1957, shekarar da masaƙar KTL ta fara aiki. Gerard Majella kuwa, wanda asibitin ya ci sunansa, waliyyi ne da Katolika suka ɗauka majiɓincin mata masu juna biyu.

Masaƙu sun tara baƙi a waɗannan unguwanni, nesa da gwaggo da inna, waɗanda a ƙauye su ne ke rufa wa yarinya asiri. To, wadda ta yi ciki ba aure, ina za ta dosa? Doka ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa. Kunya kuma takan kora ta wurin mai ba da magani a ɓoye, ko ta haihu ita kaɗai jini ya ɓalle mata.

A nan ne Zumuntar Mata ta majami'u, da FOMWAN ta mata Musulmi wadda aka kafa a Minna a 1985, suke da babban aiki: su sulhunta yarinya da iyayenta, su raka ta awon ciki, su tsare wanda ya yi cikin ya ɗauki nauyinsa, sa'an nan su mai da ita makaranta bayan ta sauka.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wa'azi yana da lokacinsa, amma sai mai rai yake tuba.