Jawabi Ga Masu Zaman Haya A Ingila Game Da Tukunyar Ruwan Zafi

Jama'a, gidajen haya da yawa a Ingila suna da tukunyar gas wadda ake kira kombi. Ba ta da tanki. Da an buɗe famfo take dafa ruwa, ita ce kuma ke ɗumama ɗakuna.

Idan ruwa ya fito da ɗumi kawai, sai ɗan haya ya duba maɓallin zafi, ya ƙara shi. Sa'an nan ya rage ƙarfin famfo, domin a lokacin hunturu ruwa kan shigo da sanyi ƙwarai.

In bututun ɗumama ɗaki ya ɗau zafi alhali famfo na zuba, alama ce bawul mai karkatar da ruwa ya maƙale. Ruwan Landan kuma yana da alli, wanda kan daskare ya toshe tukunya.

Waɗannan biyu ba aikin ɗan haya ba ne. Dokar 1985 ta ɗora gyara a kan mai gida, kuma ba mai buɗe tukunya sai gwani mai rajistar Gas Safe, domin yoyon gas yana kisa. A rubuta wa mai gida takarda, a adana kwafinta.