Manhaja Ma Sai An Duba Ta Kamar Takardar Jarrabawa



Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure, ga shi yau 'ya'yanmu suna rubuta manhaja. To, wa yake duba abin da suka rubuta?

Mu malamai mun san ɗalibi ba ya ba takardarsa maki da kansa. Haka masana suke auna manhaja: wani ya karanta rubutun layi-layi, a jarraba ta da bayanai sahihai da gurɓatattu, a ƙirga kurakurai cikin kowane layi dubu, a kuma duba ko wani zai iya gyara ta bayan marubucinta ya tafi.

A 1996 rokar Turai, Ariane 5, ta tarwatse kafin cikar minti ɗaya da tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da manhajarta ta tanadar mata.

Saboda haka, kafin mu damƙa wa manhaja sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu ko asusun ƙungiya, mu tambaya: wa ya jarraba ta, ina rahotonsa? Rigakafi ya fi magani.

Allah ya yi mana jagora, amin.