Zaren Tsirrai a Cikin Bulon Siminti: Inda Amfaninsa Yake da Inda Ya Tsaya



An ɗora mini yin magana a kan cuɗa zaren tsirrai da aka yasar a cikin kwaɓin siminti domin bulo ya ƙara ƙwari. Batu ne da ya samu karɓuwa a sassan koyar da gini na jami'o'i, daga Barazil har Malesiya, kuma ɗalibanmu ma ba a bar su a baya ba. Dalilin farin jininsa a fili yake. Siminti yana da tsada, kuma masana'antarsa ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama. A ɗaya ɓangaren kuma ga tulin sharar gona ana banka mata wuta. Duk mai hankali zai so a ce matsalar nan ta zama maganin waccan. Ni ma ina so. Amma matsayina shi ne zare yana da aiki guda ɗaya tak a cikin bulo, wato riƙe tsaga, kuma ba zai yi wannan aiki na tsawon shekaru ba sai an gyara shi, an kuma gyara simintin da zai zauna a ciki. Wanda ya ce wa jama'a zare zai maye gurbin siminti ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Mu fara da halin kankare. Idan aka danne shi yana da juriya ƙwarai, amma idan aka ja shi ko aka nemi lanƙwasa shi sai ya gaza, domin ƙarfinsa a wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a wajen danniya ba. Saboda haka ne ake sa rodi a ginshiƙi da rufin kankare. Bulo kuwa ba shi da rodi, kuma idan muka duba yadda yake lalacewa za mu ga ba nauyi ne ke murƙushe shi a mafi yawan lokuta ba. Yana tsattsagewa tun yana ɗanye idan ruwan jikinsa ya tsere da sauri, abin da ke faruwa sosai a lokacin hunturu da iska ke bushe da kuma zafin bazara. Gefensa yana gutsurewa wajen lodi da saukewa daga mota. Bango yana darewa idan tushen gini ya ɗan zauna a gefe guda. Duk waɗannan raunuka ne na ja. A nan zare yake shigowa: idan tsaga ta fara, sai ta tarar da zare ya gitta mata, bakinsa ɗaya a wannan gefe, ɗayan a wancan, kamar ɗinkin da ke hana yagewar riga ci gaba. Kafin tsagar ta buɗe sai ta tsinke zaren ko ta zare shi daga mazauninsa, kuma kowanne daga ciki yana cin ƙarfi. Shi ya sa bulo mai zare idan ya kai ga karyewa ba ya tarwatsewa lokaci ɗaya, yakan tsage ya ci gaba da riƙe kansa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maginin ƙasar Hausa. Ya daɗe yana tattaka ciyawar datsi a cikin ƙasar gini don kada ta tsage wajen bushewa, kuma laso da ake shafe soraye da shi ana haɗa shi ne da katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Gashin nan aikin zare yake yi. A fagen masana'anta kuwa, wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya yi rajistar hanyar haɗa siminti da zaren asbestos a 1900, aka yi ta buga kwanon rufi da silin da bututu da shi a duniya. Da aka tabbatar ƙurar asbestos tana haddasa cutar huhu da sankara, sai aka shiga neman madadi, kuma a shekarun 1980 kamfanin James Hardie na Ostireliya ya koma amfani da zaren itace da aka dafa irin na yin takarda. Allunan siminti masu zaren itace yanzu kaya ne na yau da kullum a ƙasashe da yawa. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa zaren tsiro da siminti suna iya zama tare. Sai dai a lura, zaren da suke sawa an riga an cire masa yawancin abubuwan da siminti ke ci, kuma ana yin aikin ne a masana'anta mai awo da sa ido.

To me gwaje-gwaje suka nuna game da bulo? Sakamakon da ake samu da zaren kwakwa da na sisal da na jut da na rama yana kama da juna. Idan an sa zare kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na kwaɓin ko ƙasa da haka, an yanka shi gajere, santimita biyu zuwa biyar, tsagewar bushewa tana raguwa, juriyar lanƙwasa da ta buguwa tana ƙaruwa. Ƙarfin ɗaukar nauyi kuwa ko dai ya tsaya inda yake, ko ya ɗan motsa, ko ya ragu. Da zarar an wuce ƙima sai zaren ya dunƙule, kwaɓin ya ƙi bin hannu, iska ta maƙale a ciki, bulon ya fito da ramuka. Zare kuma yana shan ruwa, ya kumbura lokacin kwaɓi, ya motse bayan bushewa, ya bar ɗan rata tsakaninsa da simintin. Akwai wata riba ta gefe da ba na so a raina: bulon yana ɗan rage nauyi, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri kamar na zalla. Ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suka mafi nauyi da ake yi wa wannan fasaha ita ce zaren yana mutuwa a cikin siminti, kuma masu sukar suna da gaskiya. Ruwan da ke cikin ƙofofin siminti yana da kaifi sosai, a ma'aunin pH yana haura 12. Wannan kaifi yana narkar da lignin da hemiselulos, wato sinadaran da ke manne siraran zaruruwa wuri ɗaya. Bayan haka sinadarin kalsiyam haidiroksaid da siminti ke fitarwa yana bin ruwa ya shiga ramin zaren ya daskare a ciki, sai zaren da ke lanƙwasuwa ya koma busasshe mai saurin karyewa. Jiƙewa da bushewa a kai a kai, irin wanda bango ke sha tsakanin damina da rani, yana gaggauta wannan lalacewa. Hans-Erik Gram na cibiyar binciken siminti da kankare ta ƙasar Suwidin ya bayyana wannan dalla-dalla a 1983 bayan nazarin zaren sisal. An kuma ga abin a aikace. A shekarun 1970 da 1980 an yaɗa kwanon rufi na siminti mai zaren tsiro a ƙasashe masu tasowa, ciki har da Gabashin Afirka, amma manyan fallayen suka riƙa tsagewa, har masu fasahar suka koma yin ƙananan tayil, daga baya kuma da yawansu suka daina sa zaren gaba ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yawancin binciken da muke yi yana tsayawa ne a kwana 28, lokacin da aka saba auna ƙarfin kankare. A kwana 28 zaren yana nan da ransa, sakamako ya yi kyau, ɗalibi ya kare kundinsa. Amma wanda ya gina gida yana tambayar shekara ashirin ne.

Amsar wannan suka tana da rassa biyu, kuma dukkansu suna hannunmu. Na farko a gyara zaren. A wanke shi, a jiƙa ko a tafasa don fitar da sukari da sauran abubuwan da ke narkewa, domin sukari ɗan kaɗan ma yana jinkirta kamawar siminti, idan ya yi yawa kuma ya hana shi kamawa. Wannan ya fi shafar tukar rake. Ana kuma jiƙa zare a ruwan soda mai sauƙi don a goge samansa siminti ya kama shi da kyau, ko a yi ta jiƙa shi ana busarwa sau da dama har ya rage kumbura. Zaɓen zare ma yana da muhimmanci, domin na kwakwa ya fi sisal jure kaifin siminti. Reshe na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne a rage kaifin simintin kansa ta hanyar maye wani kaso nasa da abin da zai cinye kalsiyam haidiroksaid ɗin. Romildo Toledo Filho da abokan aikinsa a Barazil sun nuna cewa idan aka maye kaso mai yawa na siminti da gasasshen farin yumɓu, zaren sisal yana riƙe ƙarfinsa bayan an sha jiƙa shi da busarwa. Irin wannan farin yumɓu na kawolin muna da shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi. Tokar buntun shinkafa ma tana wannan aiki, kamar yadda P. K. Mehta na Jami'ar Kalifoniya ya nuna tun shekarun 1970. Buntu yana kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shanshera, tokarsa kuma galibinta silika ce. Sharaɗin shi ne a ƙona shi a wuta mai awo, wadda ba ta wuce kimanin digiri 700 ba, sannan a niƙa tokar ta yi laushi. Tokar da aka kwaso daga juji ba lallai ta yi aikin ba. Idan akwai inda za a rage siminti da gaske, to a tokar ne da yumɓun, ba a zaren ba.

Akwai suka ta biyu da manomi zai yi, kuma ya kamata masana su saurara. Abin da muke kira shara a takarda, a ƙauye dukiya ce. Karan dawa da na gero ana danni da su, ana girki da su, dabbobi suna cin karmaminsu. Harawa kuwa sayar da ita ake yi da tsada a lokacin rani. Abin da ya rage a gona ma ƙasa tana bukatarsa don ta farfaɗo. Manyan masana'antun sukari suna ƙona tukar rakensu ne su samu wutar aiki. Saboda haka bai dace a tsara fasahar da za ta ƙwace abincin dabba ko takin gona ba. A nemi abin da ya taru wuri ɗaya kuma ba shi da mai so: buntun da ke jibge a bakin injinan shinkafa na Kano da Kebbi da Jigawa, tsofaffin buhunan algarara da igiyoyi, guntayen zaren rama da masu tufka suka bari. Rama ta cancanci kulawa ta musamman, domin tana fita a ƙasarmu ba tare da wahala ba, manoma sun san ta, kuma zarenta yana da ƙarfi. Kuma a yi lissafin kuɗin tarawa da wanki da yanka da busarwa, domin idan bulo mai zare ya fi na kasuwa tsada nesa ba kusa ba, babu mai saye.

Suka ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya tana da ƙa'idar bulo, NIS 87, wadda ta gindaya mafi ƙarancin ƙarfin da bulo zai kai, kuma bincike da dama daga jami'o'inmu sun sha gano cewa yawancin bulon kasuwa bai kai wannan ma'auni ba. Dalilan sanannu ne: a miƙe buhun siminti ɗaya ya ba da bulo fiye da ƙima, a yi amfani da yashi mai laka, a taƙaita ban ruwa, a sayar da bulo tun bai ƙosa ba. A cikin irin wannan kasuwa, idan labari ya bazu cewa zare yana ƙara wa bulo ƙarfi, wasu za su samu hujjar ƙara tsuke siminti su watsa ciyawa a kwaɓi. Zaren da ke cikin kwaɓi mara siminti ba shi da abin kamawa, kuma bulo mai ramuka ƙofa ce ga danshi da gara. Wannan haɗari na gaske ne, amma bai isa ya sa a rufe bincike ba. Abin da yake wajabtawa shi ne mu masana mu iya bakinmu, mu faɗi abin da muka auna kawai, mu kuma fara da wuraren da ba sa ɗaukar nauyin bene: katanga, bangon da ke raba ɗakuna, shafe, da ɗakunan ajiya.

Ina kira ga sassan gini na jami'o'inmu da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da su ware fili a gina gajerun bangaye na gwaji da bulo mai zaren rama da tokar buntu, kusa da na bulo zalla, a bar su a rana da ruwan sama, a riƙa ɗebo samfuri ana aunawa duk shekara, ɗalibi ya gaji aikin daga ɗalibi, a buga sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Ina kira ga hukumar ingancin kayayyaki da ta shiga aikin tun daga farko domin ƙa'idar da za ta fito ta fayyace irin zaren da yawansa da yadda za a gyara shi. Ku kuma masu buga bulo da magina da ke cikin wannan zaure, kafin a kai ga haka, kada ku rage ko cokali ɗaya na siminti da sunan kun sa zare, kuma ku ba bulonku ruwa har ya ƙosa.